Gizo a Ɗakin Yaro: Yadda Muka Zaɓi Tarantula ta Farko, Muka Gyara Mata Gida

Ɗan yayata yana da shekara 14 ya ce shi tarantula yake so ya kiwata. A Leeds suke zaune, a Ingila, ni kuma a wannan shekarar ina ɗakin ƙasa na gidan, ina karatu. Ɗan fari ne, saboda haka Yaya ba ta kama sunansa, "yaron nan" take ce masa, ni ma haka zan kira shi. Lamarin ya ɗauke mu wata bakwai, daga Oktoba zuwa Afrilu. Na rubuta shi dalla-dalla ne domin kurakuran da muka tafka ba mu muka sha wahalarsu ba, dabbar ce ta sha, kuma saura ƙiris ta rasa ranta a kansu.

Tarantula babban gizo-gizo ne mai gashi, daga dangin da masana ke kira Theraphosidae, mai nau'i sama da 1,000. Sunan daga garin Taranto na kudancin Italiya ya fito, kodayake gizon da mutanen garin suka fara kira da shi wani ne daban. A Turai da Amurka an daɗe ana kiwonta. A Ingila har ƙungiya masu kiwon suke da ita, British Tarantula Society, mai baje koli shekara-shekara. Dokar ƙasar ta 1976 a kan dabbobi masu haɗari ta wajabta lasisi ga wasu nau'o'in gizo-gizo masu mugun dafi, amma tarantula ba ta cikinsu. Ke nan babu mai tambayar ka ko ka iya kafin ya miƙa maka ita.

Na zaci Yaya za ta ce a'a nan take. Sai ta yi shiru, can ta tuna wa yaron hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ta ce, "Duk abin da ka kulle, haƙƙinsa na wuyanka." Sannan ta gindaya sharaɗi uku: kada abar ta fita daga ɗakinsa, kada ta zama mai cutar da ƙanwarsa 'yar shekara huɗu, kuma kawunsa ne zai tsaya masa. Haka na shiga ciki.

Wacce za a saya

Da hoto a waya ya zo mini. Wata ce mai launin toka da fari, da baƙin zane a bayanta kamar an bi ta da alli da gawayi. Sunanta Heteroscodra maculata. "Kawu, ta wajenmu ce fa. A Togo da Ghana take." Na gane abin da ke jan sa. Yaron da ya tashi a ƙasar wasu, duk abin da aka ce daga Afirka ta Yamma ya fito, zuciyarsa na karkata gare shi. Na ji nauyin hana shi, amma na hana.

Masu kiwo sun raba tarantula gida biyu, kuma duk wanda bai fahimci wannan rabon ba bai kamata ya sayi ko ɗaya ba. Akwai na nahiyar Amurka, akwai na Afirka da Asiya. Yawancin na Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayan cikinsu. Idan an tsorata su sai su sa ƙafafun baya su karkaɗo shi cikin iska, ya shiga fata ya yi ta susa, kamar ƙaiƙayin gero ranar sussuka. Wannan ne makaminsu na farko, cizo sai an kai su bango, kuma dafin yawancinsu bai wuce harbin zuma ba. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin. Gudu da cizo kawai suka mallaka, kuma sun ƙware a kan duka biyun. Ba a san tarantula da kisan mutum ba, amma cizon waɗannan yana iya barin mutum kwanaki cikin raɗaɗi da ɗaurewar jijiyoyi, har ya kwana a asibiti. Ita wadda yaron ya zaɓa a kan bishiya take rayuwa, kafin ka ƙifta ido ta bi hantsakin da ke hannunka ta kai kafaɗarka. Haka 'yar uwarta Stromatopelma calceatum, ita ma ta Afirka ta Yamma. Hysterocrates gigas ta Kamaru kuwa rami take haƙawa ta shige, sai ka yi wata kana kallon ƙasa. Duk masu kyau ne, amma ba na ɗan koyo ba ne, balle a gidan da ƙaramar yarinya ke buɗe kowace ƙofa.

Sai muka koma kan guda uku na Amurka, masu zama a ƙasa, masu sanyin hali.

Ta farko Brachypelma hamorii ta Meziko, baƙa mai jan gwiwa, wadda ita ce hoton da ke zuwa wa mutane idan an ce tarantula. Tana da kyau ƙwarai, amma girmanta na tafiyar hawainiya ne, tana da saurin watsa gashi, kuma macen kan wuce shekara 25. Na ce masa ya lissafa: zai kusa 40 tana hannunsa. Ta biyu Grammostola rosea ta ƙasar Chile, wadda ta daɗe tana cika shagunan dabbobi. Aibinta ga sabon hannu shi ne takan ƙaurace wa abinci wata da watanni ba tare da wani ciwo ba, ɗan koyo kuwa bai san bambancin azumi da rashin lafiya ba, hankalinsa zai yi ta tashi, ya yi ta damun ta. Ta uku Tliltocatl albopilosus, daga Nicaragua da Costa Rica, mai launin ƙasa-ƙasa da gashi nannaɗaɗɗe mai ɗan ruwan zinariya. Ba ta kai sauran ɗaukar ido ba. Amma tana da juriya, ba ta wasa da abinci, tana girma da ɗan sauri, kuma tana haƙuri da kuskuren mai kiwo fiye da saura. Ita muka tsayar. A wasu shaguna har yanzu da tsohon sunanta ake rubuta ta, Brachypelma albopilosum, domin sai a 2020 binciken Jorge Mendoza da Oscar Francke ya ware ta da 'yan uwanta zuwa sabon rukuni. Tliltocatl a harshen Nahuatl na Meziko yana nufin baƙin gizo.

Abu biyu muka tambaya kafin biyan kuɗi. Na farko, a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe ta ko daga daji aka kamo ta? An yi wa mai jan gwiwa ta Meziko irin kamun da ya sa tun 1985 aka sa ta ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, daga baya aka haɗa da danginta duka, har da wadda muka zaɓa. Wadda aka kamo daga daji ba ka san shekarunta ba, ba ka san ƙwayoyin cutar da ta ɗauko ba, kuma kuɗinka ne zai sa a koma a tono wata. Na biyu, girmanta. Jaririya mai girman farce tana da araha, amma tana bushewa cikin sauƙi, kuma sai an yi shekaru kafin a ga abin kallo. Babba kuma tana iya zama namijin da ya riga ya balaga, wanda abin da ya rage masa bai fi shekara ɗaya ko biyu ba. Ana gane shi da 'yar ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafunsa na gaba, da kumburi a kan gajerun hannayen nan biyu na gefen baki, kamar dunƙulen ɗan dambe. Mu matsakaiciya muka ɗauka, faɗinta daga ƙafa zuwa ƙafa santimita 6, cikinta a cike ba a yamutse ba, ƙafafunta a miƙe. Mace ce ko namiji, a lokacin babu wanda zai iya faɗa.

Gidan da ya kusa kashe ta

A nan na yi sakaci. Na ƙare ƙarfina wajen karatu a kan nau'i, zancen mazauni kuwa na bar wa mai shagon. Ya haɗa mana kaya rankatakaf: akwatin gilashi mai tsawon santimita 45 zuwa sama, murfin raga, shimfiɗar ɗumi ta lantarki da ake mannawa a ƙarƙashi, gutsattsarin ɓawon itace a matsayin ƙasa, da kaskon ruwa mai soso a ciki. Ya ce mu riƙa fesa ruwa kullum. Kuɗin akwatin ya fi na gizon nesa ba kusa ba. Da muka jera a kan tebur ya yi kyau, har Yaya ta leƙo ta yaba.

Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta zauna a ƙasa ba. Ta hau gilashi ta lafe a kusurwar sama, ta tattara ƙafafu ta rufe fuskarta. Muka ce baƙunta ce. A dare na tara, wajen ƙarfe ɗaya, yaron ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Kawu, ta maƙale." Na tarar da ita tana reto da ƙafa ɗaya daga ragar murfin, sauran bakwai suna laluben iska. A ƙarshen kowace ƙafarta akwai ƙananan farata biyu, su ne suka shige tsakanin zaren ragar suka ƙi fita. Ƙarƙashinta kuwa sarari ne na sama da santimita 40. Cikin tarantula ba shi da sulke irin na ƙirjinta, laushi gare shi kamar ƙwan da bai yi ɓawo ba. Faɗuwa daga wannan nisan tana iya fasa shi, kuma idan ya fashe da wuya ta kai safiya. Muka ninka tawul muka shimfiɗa a ƙasan akwatin, yaron ya tara kofin roba a ƙarƙashinta, hannunsa na rawa, ni kuma na sa burushin zane mai laushi na riƙa taɓa faratan ta saman ragar a hankali. Mun fi minti goma kafin ta saki ta zauna cikin kofin. Ƙafar ba ta cire ba. Da ta cire ma takan tsiro a hankali idan tana saɓa, amma fashewar ciki ba ta da irin wannan gyaran.

Washegari na zauna na bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kowanne don idon mutum aka yi shi. Tsawon akwatin na masu hawa bishiya ne. Ga mai zama a ƙasa, ƙa'idar masu kiwo ita ce tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin jikinta sau ɗaya da rabi. Tamu ke nan santimita 9, mu kuma mun ba ta fiye da 40. Shimfiɗar ɗumin ta fi ba ni tsoro da na gane aikinta. A daji zafi daga sama yake zuwa, don haka idan ta ji zafi ƙasa take nutsawa. Wanda ya sa wuta a ƙarƙashi ya juya mata duniya, tana gudun zafi tana tunkarar sa. Gutsattsarin ɓawon ba ya haƙuwa, ga kaifi. Soson an sa shi ne wai kada ta nutse, alhali tana kafa baki ta sha ruwa kai tsaye, shi kuwa soso datti da ƙwayoyin cuta kawai yake tarawa. Feshin kullum shi ya jiƙa ƙasan har ta ƙi taka shi. Tana numfashi ne ta wasu huhu huɗu da ke ƙarƙashin cikinta, masu falle-falle kamar shafukan littafi, kuma iska mai laima wadda ba ta motsi tana cutar da ita fiye da ɗan bushewa.

Sabon gidan da muka yi mata akwatin roba ne garai-garai irin na ajiyar kaya, tsawonsa santimita 25, faɗi 15, zurfi 15, mai murfin da ke kamawa. Na ɗora ƙusa a wuta na huda layi biyu na ƙananan huji a gefe da gefe, yadda iska za ta shiga ta nan ta fita ta can. Muka jiƙa dunƙulen zaren ɓawon kwakwa da ake sayarwa, muka matse, muka baza shi kwana biyu ya sha iska, muka gauraya da ƙasar shuka wadda ba a sa wa taki ko maganin ƙwari ba. Muka zuba muka danna da hannu har zurfin santimita 8. Muka binne rabin wani lanƙwasasshen ɓawon itace, yaron ya sa babban yatsa ya fara mata rami a ƙarƙashinsa. Murfin kwalba ya zama kaskon ruwa. Maimakon feshi, duk bayan mako ɗaya ko biyu sai a cika kaskon har ya ɗan malala a kusurwa guda, ƙasan ya riƙe danshi, saman ya zauna a bushe. Sauyin gidan a cikin bahon wanka muka yi shi, an toshe magudana, an rufe ƙofa, don ko ta zabura ba ta da inda za ta shige.

A dare na uku ta fara aiki. Mun tsaya da 'yar fitila muna kallo: ta tattara ƙasa da fiƙoƙinta da gajerun hannayen nan, ta dunƙule ta kamar ƙwallon fura, ta fito da ita daga rami, ta kai kusurwa ta ajiye, ta koma. Da safe ta cika kaskon ruwan da ƙasa, ta lulluɓe bakin ramin da farar saƙa. Daga ranar ba ta ƙara hawa bango ba.

Akwatin a kan kanta muka ajiye shi, nesa da taga da hitar ɗaki. Ɗakin yana tsayawa tsakanin digiri 21 da 24, kuma wannan ya ishe ta. Sai batun turaren wuta. Kowace yamma bayan Magariba Yaya takan zaga ɗakuna da kasko. Hayaƙi da turaren fesawa ba su dace da mai irin wannan numfashin ba, ita da kanta ta ce za ta riƙa tsallake ɗakin yaron. Maganin ƙwari kuwa aka hana hawa da shi bene gaba ɗaya, domin abin da ke kashe ƙuda da kyankyaso ita ma yana kashe ta.

Abincinta gyare ɗaya ne a mako, wanda bai fi cikinta girma ba, na shago, ba na lambu ba, saboda na waje yana iya ɗauke da guba. Da dogon hantsaki ake jefa shi. In ba ta ci ba zuwa washegari a cire. Inda muka fi samun saɓani da yaron shi ne ɗauka a hannu. Yana so ya ɗora ta a tafinsa ya yi hoto abokansa su gani. Na ƙi, kuma har yau ina kan bakana. Ba kyanwa ba ce, ba ta sanin mai ita, ba ta jin daɗin shafa. Ido takwas gare ta amma ganinta kaɗan ne, da motsin ƙasa da na iska take sanin duniya, hucin numfashinka kaɗai ya isa ya zaburar da ita ta faɗo. Gashin nan kuma in ya shiga ido sai likita. Duk ribar ta mai hoto ce, duk haɗarin nata ne. Ya yi kwana biyu yana gaishe ni a daƙile, daga baya ya sauko.

Azumi da saɓa

A ƙarshen Fabrairu ta daina ci. Mako ɗaya, biyu, huɗu. Gyare ya zo gabanta sai ta ture shi da ƙafa ta juya. Yaron ya rame a tsaye. Wani dare ya tambaye ni, "Kawu, in ta mutu da yunwa alhakinta a kaina yake?" Na ga maganar mahaifiyarsa ta zauna masa. Na ce mu duba ta da kyau. Cikinta yana nan a cike. Wurin da gashi ya zube a bayanta, wanda da yake ja-ja, ya koma baƙi yana sheƙi. Tafiyarta ta yi nauyi. Waɗannan alamun saɓa ne. Jikin tarantula ba ya miƙewa, sai ta tuɓe tsohuwar fata dungurungum kafin ta ƙara girma, baƙin nan kuwa sabuwar fatar ce da sabon gashi ake hangowa ta ƙarƙashi. Muka daina ba ta abinci, ruwa kawai.

Wata safiya a Afrilu, yaron yana makaranta, Yaya ta ƙwala mini kira daga sama. "Kai, zo. Abar nan ta mutu." Na same ta da leda a hannu. So take ta kawar da gawar kafin ya dawo, don kada ya gani. Tarantular tana kwance rigingine a kan wata shimfiɗar saƙa da ta yi da daddare, ƙafafu a sama, ko motsi babu. Na ce, "Yaya, don Allah kada ki taɓa." Mai mutuwa ba ta juyawa. A kife take zama, ƙafafun su nannaɗe su shige ƙarƙashinta, domin da ƙarfin bugun jini take miƙe ƙafa, idan jinin ya tsaya sai su tattare. Wadda ta kwanta rigingine kuwa saɓa za ta yi, kuma a wannan halin taɓawa ɗaya na iya sa ta maƙale a tsohuwar fata ta mutu a ciki.

Yaya ta ajiye ledar ta jawo kujera. Mun yi kusan awa uku. Da farko saman ƙirjin ya ɗage kamar murfin tukunya. Sai ƙafafun suka fara motsi, tana turawa tana hutawa, tsohuwar fatar tana zamewa sama kaɗan-kaɗan, har ta zare su takwas ɗin kamar mai cire safa. Ta kwanta a gefe, jiƙe, fara-fara, tana lanƙwasa ƙafa tana miƙewa. Fiƙoƙinta farare fat, masu laushi. Da akwai gyare mai rai a akwatin nan a wannan sa'a, shi zai ci ta. Yaya ba ta ce komai ba sai "Ikon Allah," a hankali, sau biyu.

Bayan kwana biyu muka zaro tsohuwar fatar da hantsaki, muka jiƙa ta a ruwa mai ɗigon sabulu, muka sa tsinken sakace muka buɗe fatar cikin a kan farar takarda. Tsakanin huhun nan biyu na gaba, ta gilashin ƙara girma, muka ga wani ɗan leɓe, ma'ajiyar maniyyi, wadda mace kaɗai ke da ita. Mace ce. Namijin wannan nau'in 'yan shekaru yake yi, mace kuwa tana iya wuce 15. Yaya ce ta raɗa mata suna Ƙoƙi, matar Gizo, ita ce kuma ta fara tayar da maganar da ba mu yi tunani ba: nan da shekara huɗu yaron zai tafi jami'a, ɗakunan ɗalibai kuma yawanci ba sa karɓar dabba. Ta ce za ta riƙe masa, amma gyare shi zai riƙa aikowa da kuɗinsa.

Mun jira fiƙoƙin suka rine daga fari zuwa ja, daga ja zuwa baƙi. A rana ta goma sha ɗaya yaron ya jefa mata gyare. Bai gama sauka ba ta cafke shi, ta miƙe a kan ƙafafunta tana juyawa a hankali tana shimfiɗa saƙa a ƙarƙashinta. Ya ɗauko littafin da yake rubuta ranakun ci da na ruwa, ya sa kwanan wata, ya auna ta ta jikin roba da rula: santimita 8. Akwatin zai ɗauke ta zuwa saɓa ta gaba, daga nan sai mun huda wani mai faɗi.